Yadda za ka ceto muryoyin da ke cikin tsofaffin kaset ɗin gidanku

Shekara 20 na yi ina sayar da kaset a kasuwar Tawa, daga 1991 zuwa 2011. Rumfata taku huɗu ce a faɗi, amma ran Lahadi, ranar kasuwa, sai mutum ya yi haƙuri kafin ya kai bakin tebur. Mutanen Keita da Buza da Kalfu da Barmu, kowa da abin da ya kawo shi: wani waƙar noma, wani kiɗan 'yan kokowa, wani tafsirin azumin bara, wani kuma kaset marar komai yake so, zai zauna da iyalinsa su ɗauki murya a aika wa ɗansu da ke ci-rani a Abijan. Kayan ta Ƙonni nake ɗauko su, daga Sakkwato da Kano, wasu daga Yamai. Yau caja da gilashin salula nake sayarwa a wannan rumfar. Duk da haka ba a yin wata guda ba a samu wanda ya zo mini da kaset ƙulle cikin leda ba, yana tambaya ko akwai dabarar da za a ji abin da ke ciki. Akwai, kuma duk mai haƙuri zai iya. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda nake yi.

Ba mu kaɗai abin ya ci ba. Tower Records, wanda Russ Solomon ya kafa a Sacramento ta Amurka a 1960, ya yi sarauta a kasuwar faifai shekara da shekaru, amma a ƙarshen 2006 ya rufe duk shagunansa na Amurka. Virgin Megastore na titin Champs-Élysées a Paris, wanda aka buɗe a 1988, ya rufe a 2013 tare da sauran rassansa na Faransa. A wannan shekarar ce bashi ya durƙusar da HMV na Ingila, mai shago a Landan tun 1921, ya kuma sake durƙushewa a ƙarshen 2018 kafin wani ya saye shi. Su intanet ce ta janye musu masu saye: Napster a 1999, shagon iTunes a 2003, YouTube a 2005, Spotify a 2008. Mu kuwa salula ce da katin memwar da Bluetooth. Yaro zai miƙa wa mai kwamfuta dala 20, a zuba masa waƙoƙin da suka fi duk abin da ke kan teburina yawa. Ɗan jiharmu Mdou Moctar ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008, suka yi ta yawo daga salula zuwa salula ba su jira mai rumfa ba. Tun lokacin na san inda aka dosa.

Sai dai rufewarsu da tamu ba ɗaya ba ce. Can shago dillali ne kawai, asalin waƙa na hannun kamfanin da ya buga ta, shi ya sa aka kwashe aka zuba a intanet. Nan kuwa rumfar ita ce rumbun. Mai goge zai yi wasa a bikin wani ƙauye, ɗayanmu ya je da manyeto, wato rediyo mai ɗaukar kaset, da pil sababbi ya ɗauka, ya dawo ya ajiye wannan kaset ɗin a matsayin uwa, daga ita ake buga duk kwafin da za a sayar. Ran da mai rumfa ya rufe, uwar ta bi shi gida cikin buhu. Wanda ke hannunka yanzu, wanda mahaifinka ya saya dala 100 wata ran Lahadi, mai yiwuwa shi kaɗai ya rage.

Ni kaina na yi asarar da har gobe tana cina. Da na rufe, na zuba uwayen kaset ɗina cikin buhu uku na ajiye a wani ɗakin tol da ke bayan gida, da niyyar in waiwaye su idan na samu sarari. Bazara biyu ta wuce a kansu, kuma wanda ya san Tawa a watan Afrilu da Mayu ya san zafi na haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin tol. Damina ta yi yoyo a kan buhu ɗaya, gara ta shiga na biyu ta cinye takardun da na rubuta sunaye da shekaru. Da na kwance, wasu sun lanƙwashe kamar an gasa su, wasu zaren ya manne ya yi fari da fumfuna. Guda 412 na tsirar, ba su kai rabi ba. Don haka abu na farko, tun kafin ka nemi wata na'ura: yau ɗin nan ka fitar da kaset ɗinku daga ɗakin tol, daga mota, daga bakin taga, ka kai su ɗakin ƙasa mai sanyi.

Sannan ka zauna ka tace. Yawancin mutane kan fara da manyan mawaƙan da kowa ya sani, alhali waɗannan an riga an ɗora su a YouTube, wasu ma da sautin da ya fi naka kyau. Ka ture su gefe. Ka fara da waɗanda aka rubuta wa suna da bik, ko waɗanda ba rubutu sam: bikin aure, suna, wa'azin limamin unguwa da ya rasu, tatsuniyar kaka, kirarin 'yan kokowa, saƙon ɗan ci-rani. Kada ka raina kaset don ba shi da hoto. Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na organ a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978, kwafi kaɗan aka buga, abin ya kwanta fiye da shekara 30. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da kwafi guda cikin tarin tsofaffin kaset a Yamai, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013, dattijon ya shiga yawon wasa a Turai. Kwafi ɗaya ne da wani ya adana.

Kafin ka sa kaset a kowace na'ura, ka ɗauke shi ka duba da kyau a wurin haske. A samansa akwai 'yan kunnuwa biyu na roba, ɗaya a kowace kusurwa. Ka karye su duka da bakin wuƙa. Idan ramukan nan a buɗe suke, jan maɓallin ɗauka ba zai dannu ba, yaro ba zai goge maka muryar kakansa da kuskure ba. Sai ka leƙa ta 'yar tagar tsakiya. Zare mai lafiya launin ƙasa ne ko baƙi, a naɗe sumul. In ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari, ko ka ji warin danshi, fumfuna ce. Irin wannan ka ware shi cikin leda shi kaɗai, ka bar shi sai ƙarshe, don zai shafa wa na'urarka, ita kuma ta shafa wa sauran.

Ka juyo ƙasansa, inda zaren yake a fili. A tsakiya, bayan zaren, akwai 'yar matashiya kamar auduga da aka manna a kan siririn ƙarfe. Aikinta danne zaren a jikin kan da ke karantawa. Gam ɗinta kan bushe ta faɗi, kuma in babu ita murya za ta fito a dushe, tana zuwa tana komawa. Sau da yawa za ka same ta tana yawo cikin kwalin kaset ɗin. Ɗigon gam kamar kan allura ya isa a mayar da ita, a bar ta ta kwana ta bushe, gam ɗin kuma kada ya kusanci zaren.

Sai ka zura bik mai kusurwa shida a ramin, ka juya a hankali. In yana tafiya ba gardama, madalla. In ya cije, kada ka yi masa ƙarfi. Ka kwantar da kaset ɗin a tafin hannu ka ɗan bubbuga shi a kan tebur, gaba da baya, ka sake gwadawa. In ya ƙi, ko kuma gidan ya lanƙwashe, sai a yi masa ƙaura. Ka nemi wani kaset mai lafiya da ba ka buƙata, irin mai bis guda biyar, ka kwance, ka cire zarensa, ka lura da hanyar da yake bi ta kan 'yan tayoyin kusurwa. Ka ɗauki hoton cikin da salula kafin ka taɓa komai. Tsohon gidan in na bis ne ka kwance, in na manne ne ka tsaga gefensa da reza sannu sannu. Ka ɗauko naɗin biyu tare, a kwance, ka sa su a sabon gida tsakanin 'yan ledojin nan biyu masu santsi. Ka yi wannan a kan faranti mai faɗi, ƙofa a rufe, pankar ɗaki a kashe. Faɗin zaren bai kai milimita 4 ba, in naɗin ya zame ya warware a ƙasa, yininka ya tafi.

In zaren ya tsinke, da can jan farce muke ɗiga masa mu haɗa, kuma na daina, don yana narkewa ya manne da zagayen da ke kusa. Ka ɗora bakin biyu ɗaya kan ɗaya, ka yanka su tare da reza a karkace, ka haɗa su baki da baki, ka manna ɗan siririn salatif a bayan zaren, wato fuskar da ke kallon cikin gida, wadda ba ta taɓa kan karatu. Ka aske abin da ya yi saura a gefe. Irin wannan ɗinki na ɗauka ɗaya ne, da ka gyara ka kwafe a ranar.

Yanzu na'ura. Philips ne ya fito da kaset a 1963, kuma manyan kamfanonin da suka yi masa na'urori masu kyau yawancinsu sun daina tuni. Sababbin da ake kawowa yanzu, musamman 'yan ƙananan nan masu bakin USB, injinsu ba shi da nauyi, murya na rawa a cikinsu. Tsohuwar Sony ko Panasonic ko Sharp ko Technics ta shekarun 1980 da 1990 ta fi su nesa ba kusa ba. A Yamai ka zaga Katako da wuraren masu kayan Turai na hannu, a Tawa ka tambayi tsofaffin masu gyaran rediyo, da yawansu na da wadda mai ita bai dawo karɓa ba. Ka fi son wadda ake juya mata kaset da hannu. Mai juya kanta, kan karatunta na motsi, da wuya ya zauna daidai. In tana da ramuka biyu a baya, ja da fari, da aka rubuta LINE OUT, ka samu abin nema. Ciwonsu ɗaya ne kusan duka: bel ɗin roba na ciki ya saki ko ya narke ya zama kamar kwalta. Alamarsa murya na jan ƙafa. Mai gyara zai canza shi da kuɗi kaɗan.

Ka buɗe ƙofar kaset ka leƙa. Abu uku za ka wanke: kan ƙarfe mai sheƙi da ke tsakiya, wanda masu gyara ke ce wa tet, da siririn sandan ƙarfe mai juyawa, da 'yar tayar robar da ke matse zare a jikinsa. Ka sayi alkol mai digiri 90 a farmasi, marar launi marar ƙamshi, ka jiƙa tsinken goge kunne, ka goge tet da sandan har auduga ta daina fitowa da ja. Turare ba ya wannan aiki, mai yake bari. Tayar roba kuwa auduga mai ɗan danshin ruwa ta ishe ta, don yawan alkol na busar da roba. Ka bari su bushe minti 10. Tsofaffin kaset na zubar da garinsu, ga ƙurar hunturu, saboda haka ni bayan kowane kaset biyu nake sake gogewa.

Kada ka taɓa fara gwaji da kaset mai daraja. Na yi wannan kuskure da uwar wani bikin da na ɗauka da hannuna wajen Bambeye. Na sa ta a manyeton da ban wanke ba, tayar roba ta kama zaren ta naɗe, kafin in kai hannu ta tauna kusan kamu biyu. Na miƙe shi, ya wuce, amma wurin da mai gogen ke kiran sunayen dangin amarya har abada a cakuɗe yake. Ka sa wani kaset na banza ya yi fuska guda cur, ka ga bai ci ba, sannan ka kawo na gaske. Shi ma na gasken ka tura shi gaba har ƙarshe, ka maido shi farko sau ɗaya, naɗin ya saki jiki bayan shekarun da ya yi a kwance. Yatsanka kuma ya zauna kusa da maɓallin tsayarwa.

Akwai wani ɗan bis da mutane ba su sani ba, kuma shi ne rabin aikin. A gefen tet akwai bis biyu, ɗaya a ɗaure tam, ɗaya a kan sifirin. Mai sifirin ɗin shi ke karkata kan. Kowace manyeto da irin karkatarta, kuma kaset ba ya fitar da muryarsa sosai sai kan da ke karanta shi ya yi daidai da kan da ya ɗauke shi. Yawancin na'urori na da ɗan rami a ƙasan ƙofa daidai wannan bis, wasu kuma murfin ƙofar ake zarewa. Ka sa abin saurare a kunne, kaset na tafiya, ka sa ɗan ƙaramin turnabis marar maganaɗisu, ka juya kaɗan dama, kaɗan hagu, kada ka wuce rubu'in zagaye kowane gefe. Ka kasa kunne ga harafin "s" da "sh", da ƙarar tafi ko kalangu. Inda suka fi fitowa tas, nan za ka tsaya. Kowane kaset sai an yi masa nasa, wani lokaci kowace fuska.

Bara wata mata ta zo rumfa, shekarunta ba su wuce 35 ba, da kaset a ƙulle a bakin mayafi. Ta gaishe ni ta ce, "Baba, wanga na tsohona ne, daga Abijan ya aiko shi ina ƙarama, can kuma ya rasu. An ce mini kai ka iya." Na ce, "Zamna, ɗiyata, mu gani." Matashiyar ta faɗi, na manna wata, na ce ta dawo washegari. Da muka kunna, abin da ya fito kamar mutum na magana cikin tulu. Na ga ta sunkuyar da kai. Na sa turnabis na juya kaɗan hagu, sai ga sallama ta fito sarai, namiji mai 'yar shaƙewar murya, bayansa ana jin hon ɗin motoci. Ya gaida mahaifiyarsa, ya gaida ƙannensa da suna ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi abin da ya aiko da wanda za a ba, sannan ya ce a gaida masa 'yar autarsa, a saya mata takalmi cikin kuɗin. Ta ɗora hannu a kan teburin ta ce, "Baba, maido wurin nan." Na maido sau uku.

A kaset ɗin nan nata akwai wata matsala da za ka yi ta gamuwa da ita a saƙonnin ci-rani. Wajen ƙarshe muryar ta sirance tana sauri kamar ta yaro. Pil ɗin mai ɗauka ne ya yi sanyi, injin ya rage gudu, to da aka kunna a gudun da ya dace, santimita 4.76 a daƙiƙa, sai magana ta yi gaggawa. Wannan a kwamfuta ake gyara shi, kada ka taɓa injinka.

Haɗawa da kwamfuta ba wuya. Waya mai baki ja da fari daga LINE OUT, ko in babu, daga ramin abin saurare, ƙarar a ƙasa da rabi. Sai dai ramin da ke jikin kwamfutar hannu na makirfo ne, sautin manyeto ya fi ƙarfinsa, yana fasa shi. Ana sayar da ɗan akwatin sauti mai shiga USB mai ramuka ja da fari, irin Behringer UCA202, ka sa a kawo maka daga Yamai ko Kano. Manhajar da nake aiki da ita Audacity ce, kyauta ake sauke ta, akwai ta da Faransanci. Ka zaɓi akwatin sautin a matsayin mashiga, ka sa 44100 Hz, sitiriyo. Ka nemi wurin da kaset ya fi ƙara, ka daidaita har ma'aunin ya riƙa tsayawa wajen -6. In ya taɓa 0 ya yi ja, sautin ya fashe, kuma fashewa ba ta gyaruwa. Ka danna ɗauka a kwamfuta tukuna, sannan ka kunna kaset. Kaset mai rubutun C60 minti 30 ne kowace fuska, C90 minti 45, kuma haka za ka zauna ka saurara, ba gajeriyar hanya. Maɓallin Dolby, mai rage shuuu ɗin zare, ka bar shi a kashe sai in an rubuta Dolby a jikin kaset ɗin. In ka ga ƙarin rami kusa da kunnuwan nan da ka karye, kaset ɗin kurom ne, ka mayar da na'ura kan CrO2 in tana da wurin.

Kuran na iya ɗaukewa ana tsakiyar fuska, kuma cajar kwamfuta kan sa wani gurnani a ƙarƙashin sauti. Ni cika batir nake yi in zare caja, manyeto kuma in sa mata pil sababbi. Salula ka kai ta wani ɗaki, in kira ya shigo ƙararsa na shiga waya.

Wanda ba shi da kwamfuta kada ya ce sai ya samu. Ka wanke na'ura, ka daidaita bis, ka shiga ɗakin ƙasa da dare bayan gari ya yi shiru, ka sa salula a yanayin jirgi, ka ɗora ta a kan zane ninki huɗu, tazarar taƙi ɗaya daga lasifika, ka ɗauka. Bai kai na waya ba, amma muryar ta fita daga zaren da ke mutuwa.

In ka gama, ka adana shi a WAV, irin fayil ɗin da ba ya rage komai na sauti, yadda ya fito, ba yanka ba gyara. Wannan ce sabuwar uwa. Tana cin wajen mega 10 a minti, wato C90 guda ya kusa jiga 1. In wuri ya yi maka kaɗan, FLAC na rage kusan rabi ba tare da an zubar da komai ba. Daga uwar sai ka fitar da MP3 na saurare a salula, a kansa za ka rage gudu, ka ɗaga murya, ka rage shuuu ɗin zare. Shi ma rage shuuu ɗin a yi da sauƙin hannu, in ya yi yawa mutum kan koma kamar yana magana ƙarƙashin ruwa. Carar zakara da ƙarar taɓarya da kukan jariri da ke baya ka bar su. Wata rana wani zai ce jaririn nan ni ne.

Rubutu shi ne abin da gara ta koya mini. Kowane kaset ka ba shi lamba a jikinsa, lambar nan ita ce farkon sunan fayil, sai shekara, gari, mai magana, da fuska A ko B. Ka ɗauki hoton kaset ɗin gaba da baya da takardarsa, ka ajiye tare. Ka sayi kaye na 'yan lakwal ka rubuta abin da ke ciki. Sannan ka ɗauki salula ka je wurin tsofaffin gida tun suna nan, ka kunna musu, ka tambaya: Inna, muryar wa ce wannan? Kawu, bikin wa aka yi, shekarar da aka yi me? Ba za su ce maka 1984 ba, za su ce shekarar yunwa, ko shekarar da aka karya darajar sefa, wato 1994. Ka rubuta yadda suka faɗa, ka sa lissafinka a gefe.

Kwafi ɗaya ba ajiya ba ce. Ka yi uku: ɗaya a kwamfuta ko faifan ajiya na waje, ɗaya a kile, 'yar ma'ajiyar nan mai bakin USB, a gidan ɗan'uwa, in da hali a wani gari, ɗaya a intanet. Google Drive na ba da jiga 15 kyauta, ya isa ga mafi daraja a cikinsu. Ina sayar da katin memwar, don haka ka ji daga bakina: akwai na jabu da yawa a kasuwa, an rubuta 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ya karɓi kaya ya lalata su. Ka cika shi, ka zare, ka mayar, ka buɗe fayil na farko da na ƙarshe ka ji. Kile da kati kuma ba a jefa su a akwati a manta, duk bayan shekara biyu ko uku ka kwafe zuwa sabo. In za ka aika wa dangi ta WhatsApp, ka tura fayil ɗin a matsayin takarda, kada ka kunna ka sake ɗauka da saƙon murya.

Kafin ka watsa kuma, ka tsaya. Saƙon ɗan ci-rani wasiƙa ce, akwai maganar bashi a ciki, da ta aure, da faɗan 'yan'uwa. Manyan gida su fara ji, su ce wanne za a fitar. In kiɗa ne ko waƙa, mai ita na da magada. Da yawa cikin makaɗan da muka buga kwafinsu ba su ci moriyar da ta kamace su ba, wannan haƙƙi ne da nake tunawa da shi, shi ya sa duk wanda na gano iyalinsa su nake fara kai wa kwafi. Wanda ke son sayarwa ko ɗorawa a intanet don kuɗi ya nemi izininsu, ya kuma bi ta BNDA, ofishin haƙƙin mawallafa da ke Yamai. In abin da ka samu ya shafi tarihi, kamar kirarin sarauta ko labarin kafuwar gari daga bakin tsoho, ka tuntuɓi CELHTO ko IRSH a Yamai, aikinsu ke nan tattara tarihin baka. In kiɗan gargajiya ne, akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya a Yamai. Kwafi za ka kai, asalin ya zauna a gida.

Asalin kuwa kada ka yar don ka kwafe. Gobe kana iya samun na'urar da ta fi ta yau. Ka naɗe zaren zuwa gefe guda, ka mayar cikin kwalinsa, ka jera su a tsaye kamar littattafai cikin akwatin ƙarfe, nesa da lasifika da duk wani abu mai maganaɗisu. Akwatin ka ɗora shi a kan bulo, kada ya jingina da bango, saboda gara. Kowace shekara in damina ta ɗauke, wajen Oktoba, ka buɗe ka sansana, ka duba 'yan tagogin.

Waɗanda ba wanda ya gane su a gida kuma, kada ka fid da rai. Nawa guda biyu nake yi kowane dare bayan isha'i, jiya na kai na 187. Mai goge ne da 'yan amshi mata, sautin tas, gara ta cinye sunansa da na garin. Na zuba shi a salula. Ran Lahadi zan haɗa da lasifikar rumfa in kunna da hantsi, lokacin da motocin ƙauye ke sauke mutane. Da haka aka gane mini guda 9 a baya: wani dattijo zai tsaya da buhunsa a kafaɗa ya ce wannan ai mutumin garinmu ne, ni kuma in jawo kaye in ce, "Alhaji, zamna ka faɗa mini."